Ganowa da Renon Yara Masu Baiwa a Gida da Makaranta: Nazari a Kan Ƙaramar Hukumar Bagudo da Iyakar Benin

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi halin da yara masu baiwa suke ciki a Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, yankin da ya yi iyaka da Jamhuriyar Benin. Ta bi manufofin ilimi na ƙasa tun daga 1977, ta auna su da binciken da masana suka riga suka wallafa da kuma yadda rayuwa take gudana a yankin. Matsayar maƙalar ita ce, ma'aunin da ake neman haziƙai da shi a yau, wato rubutacciyar jarrabawa cikin Ingilishi a ƙarshen firamare, ba ya kaiwa ga akasarin yaran wannan yanki. Saboda haka ta nemi a fara aikin daga gida da aji, cikin harshen da yaro yake tunani da shi, a kuma ci gajiyar dabarun da tsangaya da musabaƙa suka daɗe suna amfani da su, tun kafin a kai ga maganar gina makaranta ta musamman.

1.0 Gabatarwa

Duk lokacin da aka zauna maganar ilimi a Jihar Kebbi, abin da yake cinye zaman shi ne yawan yaran da ba sa zuwa makaranta, da ƙarancin malamai, da azuzuwan da iska ta yaye. Wannan daidai ne, domin jihar tana cikin waɗanda matsalar ta fi tsanani a cikinsu. Shi ya sa wani zai ce maganar yara masu baiwa ta ƙoshi ce, a bar ta sai an gama da ta yunwa.

Wannan maƙala ba ta yarda da haka ba. Ɗan mai hali idan yana da baiwa, mahaifinsa zai kai shi Birnin Kebbi ko Sakkwato ko Abuja, ya saya masa littattafai, ya ɗaukar masa malami. Ɗan masunci a Lolo da 'yar makiyayi a Ka'oje ba su da wannan gata. Idan makarantar gwamnati da ke garinsu ba ta gane su ba, babu mai gane su. Ashe ke nan kula da masu baiwa a makarantar gwamnati hakkin talaka ne kafin na kowa. Ban da haka, yankin da yake kukan rashin likita da malamin lissafi da injiniyan ban-ruwa ba shi da inda zai samo su na dindindin sai cikin 'ya'yansa.

2.0 Wane ne Yaro Mai Baiwa?

Masana sun daɗe suna sauya ra'ayi a kan wannan tambaya. A 1921 Lewis Terman ya fara bibiyar yara sama da 1,500 a Kalifoniya ta Amurka, waɗanda ya zaɓa da makin gwajin kaifin ƙwaƙwalwa. Cikin yaran da aka gwada aka bari akwai William Shockley da Luis Alvarez, kuma dukansu biyu daga baya sun ci lambar Nobel a fannin fiziya. Wannan ya nuna cewa maki guda ba ya ɗauke ɗan Adam. Rahoton Marland na 1972 ya faɗaɗa ma'anar ta haɗa da ƙirƙira da shugabanci da fasahar hannu da ta murya, ya kuma ƙiyasta masu baiwa da kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari na ɗalibai. A 1978 Joseph Renzulli ya nuna cewa baiwa tana bayyana ne inda abu uku suka haɗu: basirar da ta ɗara ta tsara, da naci a kan aiki, da ƙirƙira. Shi kuwa Françoys Gagné ya raba tsakanin abin da aka haifi yaro da shi da ƙwarewar da yake kaiwa gare ta, ya ce abin da yake tsakaninsu shi ne horo da muhalli da dama.

A wannan maƙala, yaro mai baiwa shi ne wanda yake kama abu da saurin da ya wuce na tsararrakinsa da suka tashi cikin irin yanayinsa, yake kuma buƙatar abin da darasin yau da kullum bai tanada ba. Sharaɗin “irin yanayinsa” yana da muhimmanci. Auna yaron Tsamiya da yaron da ya yi nazare a Abuja auna gata ne, ba auna basira ba.

3.0 Yanayin Bagudo da Bakin Iyaka

Bagudo tana cikin masarautar Gwandu, a Jihar Kebbi da aka ƙirƙiro daga tsohuwar Jihar Sakkwato a 1991. Ƙidayar 2006 ta ba ta mutane sama da 230,000. Kogin Kwara ya ratsa ta, kuma garuruwanta irin su Illo da Lolo da Tsamiya da Ka'oje da Zagga suna rayuwa ne a kan noman shinkafa da gero da dawa, da kiwo, da su, da fatauci. A ƙetaren iyaka akwai Segbana da Malanbil da Kandi a jihar Alibori ta Benin. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ce ta raba ƙasar Bargu biyu, Illo ta faɗo ɓangaren Ingila, amma zumunta da auratayya da cin kasuwa ba su yanke ba.

Abubuwa uku na wannan yanayi sun shafi batunmu kai tsaye.

Na farko, harshe. A yankin ana jin Hausa da Fulatanci da Zabarmanci da Dandanci da Busanci da Kyanganci, ga Faransanci a makarantun ƙetare. Ba abin mamaki ba ne a sami yaron da bai kai shekara goma ba yana ciniki da harshe uku, yana juya naira zuwa sefa da ka. Bincike ya tabbatar da cewa yaro mai harsuna da yawa yakan rarraba kalmominsa a tsakaninsu, don haka gwada shi da harshe ɗaya kawai yana rage masa maki. To ina ga an gwada shi da harshe na huɗu, wanda ba ya jin sa ko'ina sai a bakin malami? Haka kuma yaron da ya fara karatu da Faransanci a Segbana, iyayensa suka dawo wannan ɓangaren, yakan koma ƙaramin aji saboda Ingilishi, ko da kuwa lissafinsa ya wuce na ajin da aka hana shi.

Na biyu, lafiya. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 66 cikin ɗari na yaran Kebbi 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, adadi mafi yawa a Nijeriya, kuma kashi 52 suna ɗauke da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. Duka biyun suna taɓa girman ƙwaƙwalwa da zuwa makaranta. Baiwa da yawa tana dushewa tun yaro bai taka ƙofar aji ɗaya ba.

Na uku, zirga-zirga da tsaro. Makiyaya suna bin ciyawa, masunta suna bin ruwa, aikin fadama yana kwashe yara lokacin dashe da girbi. Rufe iyakoki da aka yi a watan Agusta na 2019 ya girgiza tattalin gidajen da suka dogara da kasuwar ƙetare. Sace ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yuni na 2021 kuwa ya ƙara wa iyayen jihar ɗar-ɗar da makarantar kwana mai nisa, musamman ga 'ya'ya mata.

4.0 Tanadin Hukuma da Inda Ya Gaza

Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta sanya masu baiwa cikin yaran da suke buƙatar kulawa ta musamman. A 1986 aka fitar da taswirar ilimin masu baiwa, sannan a 1990 aka buɗe makarantar haziƙai ta Gwamnatin Tarayya a Suleja, aikin da aka assasa zamanin da Farfesa Jibril Aminu yake ministan ilimi. Hukumar NECO ce take shirya jarrabawar shiga. A matakin jiha, Kano ta buɗe sakandaren kimiyya a Dawakin Tofa da Dawakin Kudu a 1977, kuma likitoci da injiniyoyin da suka fito daga cikinsu shaida ne cewa tara haziƙai wuri ɗaya yana haifar da ɗa mai ido. Jigawa ta kafa tata makarantar a Bamaina zamanin Gwamna Sule Lamido. Ita ma Benin tana zaɓen waɗanda suka yi zarra a ƙarshen firamare zuwa makarantun soja na Bembereke da Natitingu.

Duk waɗannan suna da amfani, amma hanyar shiga irin ta Suleja doguwa ce. Sai yaro ya shiga firamare, ya daure har aji shida, ya iya Ingilishin da zai fahimci tambaya, wani ya ji labarin jarrabawar, an yi masa rajista ta intanet, an biya kuɗin mota zuwa cibiya, sannan iyaye sun yarda ya yi nisa da gida. A kowane mataki yaran Bagudo suna zubewa, ba don ƙwaƙwalwarsu ta gaza ba. Wanda ya kai ƙarshe haziƙi ne, babu shakka, amma haziƙin da aka riga aka share wa hanya.

Akwai shaida daga waje cewa sauya ma'auni yana sauya waɗanda ake samu. David Card da Laura Giuliano sun wallafa bincike a 2016 a kan wata babbar gundumar makarantu a Fulorida, inda aka daina jiran malami ko uba ya gabatar da yaro, aka gwada kowane ɗan aji biyu da gwajin siffofi da zane wanda bai dogara da harshe ba. Nan da nan 'ya'yan talakawa da waɗanda Ingilishi ba harshen gidansu ba ne suka ƙaru ƙwarai cikin waɗanda aka gano. Da aka dakatar da shirin saboda kuɗi, adadin ya koma gidan jiya. A Indiya kuma, tun 1986 makarantun Nabodaya suke bin tsarin makaranta ɗaya a kowace gunduma, kyauta, tare da ware aƙalla kashi 75 na gurabe ga yaran karkara da kashi ɗaya cikin uku ga mata. Hausawa sun ce ba a rasa nono a ruga. Abin da ake rasawa shi ne mai zuwa har can ya nema.

5.0 Abin da Yankin Ya Gada

Renon mai baiwa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Gwandu. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya bayyana a littafinsa Ida'un Nusukhi cewa ya karanta Alƙur'ani a wurin mahaifinsa, yana ɗan shekara 13 aka miƙa shi ga wansa Shehu Usmanu, daga nan ya riƙa bin malamai fanni-fanni, da yawansu kawunnansa ne da danginsa. Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793, ta tashi a gidan da bai ce ilimi na maza ne kaɗai ba, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa tsarin 'yan taru da ya kai karatu ga matan ƙauye. A duka misalan biyu, gida ne ya fara ganewa, ya kuma san lokacin da zai miƙa yaro ga wanda ya fi shi sani.

Makarantar allo ma tana da abin koyarwa. A can ba a ɗaure yaro da shekarunsa. Kowa da allonsa. Wanda ya riƙe karatunsa ya biya, a wanke, a yi masa ƙari, ko da na kusa da shi ya kwana bakwai a wuri ɗaya. Daga kolo zuwa titibiri zuwa gardi, har alaramma da gwani, abin da mutum ya iya ne yake ɗaga shi. Abin da masana ilimin zamani suke kira tafiya da yaro gwargwadon saurinsa ke nan. Wannan ba wanke tsangaya daga matsalolinta na bara da rashin kulawa ba ne. Ɗaukar abin da ta ƙware a kai ne.

Sai musabaƙar Alƙur'ani, wadda Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo take shiryawa tun 1986. Tana farawa daga ƙaramar hukuma, ta hau jiha, ta kai ƙasa, maza da mata, kuma iyaye sun amince da ita. Tsani ne da yake ɗauko yaron ƙauye ya kai shi gaban duniya. Lissafi da kimiyya da harsuna ba su da irinsa a yankin, alhali ginin bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba.

6.0 Nauyin da Ke Kan Gida

Alamomin baiwa a gida suke fara fitowa: saurin magana, riƙe abin da aka ji sau ɗaya, yawan tambayar dalili, kwance rediyo ko fitila don a ga cikinta, son zama da manya. Matsalar ita ce sunan da ake ba waɗannan alamomi. Mai tambaya ya zama mai surutu ko mai iyayi, mai kwance-kwance ya zama mai ɓarna, wanda ya gyara wa babba kuskure ya zama mai tsaurin ido. Ga kuma alkunya, wadda take hana uwa da uba yabon ɗansu, balle ɗan fari, da tsoron bakin mutane da yake sa a ɓoye abin da yaro ya iya.

Ba sai an rushe tarbiyya za a gyara wannan ba. Al'adar da ta hana uba yabo ta bar wa kaka da kawu da goggo ƙofa a buɗe. Wasan jika da kaka fili ne da yaro yake tambaya ba tare da an ce ya yi rashin kunya ba, kuma tatsuniya da kacici-kacici da karin magana da dara duk motsa ƙwaƙwalwa ne da ba a saye da kuɗi. Abin da ake nema ga iyaye, ko ba su yi boko ba, shi ne su koya wa yaro yadda ake tambaya cikin ladabi maimakon su hana shi tambayar. Idan ba su da amsa su haɗa shi da mai ita, malami ne ko ma'aikacin asibiti ko makaniki. Su tsara talla da kiwo yadda ba za su ci lokacin makaranta ba. Su kuma kula da gidan sauro da abincin safe. Yarinya mai kaifin lissafi ita aka fi ɗora wa talla, domin ba a cutar ta a canji, don haka sau da yawa baiwarta ce take fitar da ita daga aji. Wannan wuri ne da ya kamata malaman addini da iyayen ƙasa su sa baki.

Akwai kuma kishiyar sakaci, wato matsi. Yaron da aka mayar abin nunawa ga baƙi, ko aka riƙa goranta wa 'yan'uwansa da shi, yakan tashi da girman kai ko tsoron kuskure, ya kuma rasa abokai. Yaro ne, yana buƙatar wasa da tsararrakinsa da aikin gida kamar kowa. A yabi ƙoƙarinsa fiye da kaifin kansa.

7.0 Nauyin da Ke Kan Makaranta

A aji mai cunkoso, malami yakan bi saurin matsakaita. Mai baiwa ya gama aikinsa cikin ɗan lokaci, ya zauna, ya gaji, ya fara tsokana ko ya daina zuwa. Maganin da aka saba shi ne a naɗa shi monita ko a sa shi koya wa sauran. Wannan yana da amfani jefi-jefi, amma idan ya zama kullum, an sami mataimakin malami ne an rasa ɗalibi.

Akwai dabaru huɗu da ba sa buƙatar sabon gini. Ta farko, gwaji kafin darasi: a ba da 'yan tambayoyi a farkon babi, wanda ya riga ya iya a ɗauke masa maimaici. Binciken Sally Reis da abokan aikinta na 1993 ya nuna cewa ana iya ɗauke wa irin waɗannan yara kashi 40 zuwa 50 na aikin aji ba tare da sakamakonsu ya faɗi ba. Ta biyu, cike wannan lokaci da aiki mai zurfi daga muhallin yaro: auna hawa da saukar ruwan Kwara a tsawon zango, bin farashin buhun shinkafa da naira da sefa, tattara sunayen kifaye da itatuwa cikin harsunan garin. Ta uku, barin yaro ya ɗauki darasi ɗaya, kamar lissafi, a ajin da ke gaba, ko ya tsallake aji idan hankalinsa da jikinsa sun kai. Rahoton da Jami'ar Ayowa ta fitar a 2004 ya tattara binciken shekaru masu yawa da ya nuna cewa wannan dabara tana da amfani kuma ba ta da tsada. Ta huɗu, haɗa haziƙan makarantu maƙwabta a wuri ɗaya lokaci-lokaci ƙarƙashin malamin da ya fi ƙwarewa a gundumar.

Wajen ganowa kuwa, kada a tsaya ga maki. A haɗa gwajin da bai dogara da harshe ba, da tambayar baka cikin harshen yaro, da shaidar malamin aji da malamin allo da iyaye. A kuma tuna cewa kurma da makaho da gurgu ma ana samun masu baiwa a cikinsu.

8.0 Shawarwari

1. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha ta gwada tantance kowane ɗan aji uku a wasu zaɓaɓɓun makarantun Bagudo, har da na makiyaya da masunta, a auna kowane yaro da tsararrakin makarantarsa.

2. Sashen ilimi na ƙaramar hukuma ya kafa gasar lissafi da kimiyya da harsuna daga gunduma zuwa ƙaramar hukuma, a kan tsarin musabaƙa, da rukunin mata daban.

3. Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu, da jami'ar jiha da ke Aliero, da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi su shirya wa malaman karkara gajeren horo a kan dabarun nan huɗu, su kuma buɗe zaman hutu ga yaran da aka gano.

4. Yaron da ya zo daga makarantar Faransanci a gwada lissafinsa da fahimtarsa da harshen da yake ji, a ajiye shi ajin da ya dace, a ba shi ƙarin darasin Ingilishi.

5. Ƙaramar hukuma ta ɗauki nauyin sanarwa da rajista da sufurin masu jarrabawar Suleja da ta kwalejojin tarayya. Idan jiha ta tashi kafa makarantar haziƙai, ta ware gurabe ga kowace ƙaramar hukuma, da kaso na karkara da na mata.

6. Kwamitocin kula da makarantu, tare da hakimai da limamai, su nema wa gidan da yaronsa ya yi zarra tallafin da zai maye gurbin kuɗin talla ko ladan kiwo.

9.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa tanadin da ƙasa ta yi wa masu baiwa yana jiran yaro ne a ƙarshen doguwar hanya, alhali yaron Bagudo tun a farkonta yake tsayawa. Ta kuma nuna cewa yankin yana da abin da zai fara da shi: gidan da ya san miƙa yaro ga masani, makarantar da ta san ƙari gwargwadon riƙo, da gasar da jama'a suka yarda da ita. Yawancin shawarwarin nan ba sa jiran kasafin kuɗin tarayya. Kira ga sakataren ilimi da shugabannin makarantu da iyayen ƙasa na Bagudo shi ne su zaɓi gunduma ɗaya su fara a zangon karatu mai zuwa, su rubuta abin da suka gani, domin nan gaba a tattauna a kan alƙaluman da suka fito daga yankin kansa.